Hayaƙin Da Na Goge A Jirgin Abba

Masu karatu, yau ba dariya na kawo muku ba. Ku da kuke ta cika min waya da saƙo wai in daina ja wa Mai Haƙori rai, in ba shi amsa kawai, to ku gyara zama ku ji abin da ya riƙe ni. Rubutun nan da nake yi ma kunyar kaina nake ji.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, sana'ata kwalliya, ina da ɗan shago a bakin layinmu. Abba malamin zane ne a makarantar koyon sana'a kafin ya yi ritaya, mutumin da yake jan layi a allo ba rula, ɗalibai su taso da rula su gwada su koma da kunya. Tunda ya ajiye aiki ya mayar da ƙaramin ɗakin baƙi wurin haɗa jiragen yaƙi na roba. A kwali ake sayo su, jirgin a warwatse gutsi-gutsi, wani ɓangaren bai kai ƙwayar shinkafa ba. A yanko, a goge, a manna da gam, a yi fenti, sai ga jirgin Yaƙin Duniya na Biyu mai farfela, bai wuce tsawon tafin hannu ba. Umma filin jirgi take kiran ɗakin. In ta gama girki sai ta ce, "Auta, je filin jirgi ki gaya wa direba abinci ya sauka."

Shi kuwa Mai Haƙori, haƙoran roba yake haɗawa a wani asibitin haƙori, ni na laƙaba masa sunan, shi kuma ya amsa da hannu bibbiyu. Sun haɗu da Abba ne a wani zaure na waya, inda manyan mutane masu jikoki suke yini suna musu a kan wane kore ne koren gaskiya. Ya zo kawo wa Abba fenti, ni na buɗe masa ƙofa. Tun daga ranar bai taɓa kawo kwalba biyu a tare ba, ɗaya-ɗaya yake kawowa.

To ga inda maganar take. Tun bara hannun Abba na dama ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ji yana ƙara a kan faranti. Yayata ta yi magana har ta gaji, daga gidan mijinta take bugo waya tana roƙo ya je asibiti. Duk ranar da aka matsa masa, Abba ba ya musu. Tashi yake ya shiga ɗakinsa, ya ɗauko sabon jirgin da ya gama, ya ɗora a tsakiyar tebur.

"Ku duba layin nan," zai ce. "Hannu mai ciwo ne ya ja shi?"

Layin kuwa a miƙe yake sak, domin ni nake jan sa.

Ban shirya hakan ba, Allah ne shaidata. Wata rana da azahar na shiga ɗaukar kofi, Abba ya tafi barcinsa na rana, sai na ga ya rufe jirgi da hankici. Na ɗaga. Layukan da ke zagaye da gilashin mazaunin matuƙi duk sun karkace, fenti ya haura gilashin. Abin da ya karya min zuciya hankicin ne, wato shi kansa ba ya son ya gani. Na dubi burushinsa, bai fi wanda nake ja wa amare layin ido da shi ba. Kafin in yi wani tunani na zauna a kujerarsa.

Da ya tashi ina laɓe a ƙofa. Ya ɗaga jirgin a ƙarƙashin fitila ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce shi kaɗai, "Ashe dai bai yi muni ba. Idona ne." Ranar ya ci abinci har da ƙari, ya tsokani Umma har ta jefe shi da matashi. Ku gaya min, wace 'ya ce za ta ga haka ta daina?

Ban daina ba. Kullum in rufe shago da azahar in ce zan ci abinci, in lallaɓa in gyara abin da ya yi da safe, in wanke burushi in mayar da shi yadda ya ajiye. Na koyi yawan ruwan tinar da ake zuba wa fenti don ya tsinke, na koyi ɗaukar tambari da hantsaki bayan ya jiƙa a ruwa. Duk jirgin da na gyara, Abba ya ƙara samun hujjar ƙin zuwa asibiti. Na san da haka, ba wai ban sani ba.

Ranar nan ina shirin fita, na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin fulawa a hannu, ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, Umma ta shigo ta zauna a bakin gado. Da na ga ta naɗe hannu na san akwai zance.

"Auta, yaron nan fa ya kusa ƙarar da fentin kasuwa a gidan nan."

"Umma, ai wurin Abba yake zuwa."

"Wurin Abba? Shi ya sa in ya zauna wuyansa yake karkacewa wajen ƙofar kicin? Ke ba kya son sa ne?"

Na ci gaba da gyara ɗankwalin da ya riga ya ɗauru.

"In ba kya so ki faɗa, ba wanda zai miki dole. In kuma kina so, ki daina wahalar da ɗan mutane. Me kike jira?"

"Ina tunani ne, Umma."

"Tunanin nan naki ya fi na mai zaɓen atamfa daɗewa."

Ina son sa, masu karatu, bari in faɗa muku ƙarara tunda ban iya faɗa wa Umma ba. Ina son yadda yake cire takalmi ya jera su a tsanake, ina son yadda yake sauraron labarin Abba da ya riga ya ji kamar yau ya fara ji. Amma in na ce to, na bar gidan nan, wa zai riƙa shiga ɗakin da azahar? Sati ɗaya ya isa Abba ya ga ainihin hannunsa.

Ana cikin haka Mai Haƙori ya zo da kwalaye biyu. Jirgi iri ɗaya ne, amma kamfani daban-daban. Ya baje su a tebur suna dubawa, ni ina zuba musu shayi a hankali don in daɗe.

"Wannan tsohon bugu ne, Abba," in ji shi. "Ɓangarorinsa kaɗan ne, manya-manya, sai dai fukafukan ba sa zama daidai, sai an cike an goge. Wannan kuma sabo ne, komai yana shiga wurinsa, amma sun cika ƙananan abubuwa. Har bel ɗin kujerar matuƙi daban suka yi shi."

"To?"

"Na ce ko mu haɗa, kowa ɗaya, mu jera su mu ga wane kamfani ya fi. Ka ɗauki tsohon, ni in sha wahalar sabon."

Abba ya dube shi ta saman tabarau. "Ni za ka ba na yara?"

Ya jawo sabon kwalin gabansa. A raina na ce shi ke nan, Auta, kin shiga uku. Suka yanke cewa ranar Asabar ta ƙarshen wata za a jera su, a ɗauki hoto a tura zaurensu.

Makonnin nan na sha aiki. Akwai ranar da sandar tuƙin jirgin ta fice daga hantsaki ta faɗa kan kafet, na yi ta rarrafe da fitilar waya ina jin tarin Abba daga ɗakin barci. Wata amarya ta yi fushi ta tafi wani shagon saboda na bar ta tana jira. Amma jirgi ya haɗu, kore da ruwan ƙasa a sama, shuɗi mai haske a ciki, tsaf da shi.

Ranar Alhamis na shiga dubawa ta ƙarshe, sai gabana ya faɗi. Wani baƙin shafi ya taso daga bayan injin ya bi gefen jirgin, hagu da dama. A gindin fiffike kuma ga ɗige-ɗigen fentin azurfa birjik. Nan take na karanta abin yadda na saba. Na ce ya riƙe shi ne da yatsu masu datti, babban yatsa nan, manuni can, burushi kuma ya kufce masa ya yi feshi. Har hawaye na yi don tausayi. Ni kuma aikina ke nan a duniya, in ga tabo a fuska in ɓatar da shi. Na jiƙa auduga na goge baƙin tas, na bi ɗigon azurfar ɗaya bayan ɗaya na rufe da kore. Da na gama, jirgin na sheƙi kamar amaryar da za a fito da ita. Na koma shago ina jin daɗin kaina.

Washegari Abba ya tashi wani iri. Na gan shi tsaye a ƙofar ɗakinsa ya daɗe bai shiga ba. Da rana ya tambayi Umma yau wace rana ce, ta faɗa masa, can anjima ya sake tambaya. Abincinsa ya dawo kicin yadda aka kai shi. Na ɗauka fargabar gasa ce.

Ranar Asabar da la'asar Mai Haƙori ya iso cikin farar riga mai dogon hannu, guga har tana yanka, da kwali a rungume kamar jariri. Ni ma na ɗan yi shiri, ba zan ɓoye muku ba, riga da siket ruwan zuma da siririn mayafi, na shafa turaren da ya taɓa cewa yana so. Na shiga da tire daidai lokacin da yake fito da nasa jirgin.

Baƙin shafi ne a gefensa, hagu da dama. Ga ɗige-ɗigen azurfa a gindin fiffike.

Bakina ya riga hankalina. "Ya naka ya yi datti haka?"

Ya yi dariya. "Datti? Ranki ya daɗe, wannan hayaƙin salansa ne. Jirgin yaƙi ai ba motar biki ba ce. Nan kuma inda matuƙi yake takawa ne in zai hau, takalmi ya cinye fentin har ƙarfe ya fito. Baƙin alli ake kankarewa a shafa, azurfar kuma da guntun soso ake dangwalawa. Na nuna wa Abba yadda ake yi, ya ce zai gwada a nasa."

Ya juya ya dubi jirgin Abba. Dariyar ta tsaya masa a fuska.

Abba ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana murza goshi kafin ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Ban yi ba, ɗana. Na ɗauka na yi."

"Abba..."

"Bari in gama. Na tuna na kankare allin a murfin kwalba. Na tuna na yanki soso. Har na tuna daɗin da na ji, don rabon da aiki ya bi min hannu haka an daɗe. Na je na kwanta ina cewa ranar Asabar zan ba ka mamaki. Na tashi na tarar ba komai." Ya nuna jirgin da haɓa. "Ashe a cikin kaina kawai na yi shi."

Na dire tiren a gefen tebur.

"Haka mahaifina ya fara," Abba ya ci gaba. "Ya ce ya rufe ƙofa, a je a tarar a buɗe. Kafin ya rasu ni kaina sai ya tambaye ni ɗan wane ne." Ya ɗago ya dube ni, ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. "Auta, kira min yayarki. Ta zo ta kai ni asibitin nan da take so. Amma ki gaya mata ba hannun za a duba ba, kan ne."

Na ce to, na fita. Ban kira kowa ba. Na shige kicin na jingina da firij. Umma na ɗakinta tana waya, ba ta san me ake ciki ba. Sai wayata ta yi ƙara a hannuna, saƙon Mai Haƙori ne.

"Ke kika goge."

Na rubuta, "Ban gane ba." Na tura, na ji na tsani kaina.

"Kin gane. Na daɗe da sani. Akwai ƙyallin hodarki a cikin fentin jirgin nan mai jan hanci, na gani tun zuwana na farko-farko."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Na ga don ƙauna kike yi. Shi ya sa na koya masa hayaƙi da soso, shi ne aikin da rawar hannu ba ta ɓatawa, ƙara masa kyau ma take yi. Na so ya samu abu ɗaya da yake nasa na gaske."

Na karanta saƙon nan na toshe bakina da mayafi. Abu ɗaya da hannun Abba ya yi daidai a shekara guda, shi na bi da auduga na goge.

"Don Allah kar ka faɗa masa," na rubuta. "In ya ji zai karye."

Na ga alamar yana rubutu yana gogewa.

"Ba zan faɗa ba, ba hurumina ba ne. Amma yanzun nan ya miƙo min makullin motarsa, wai kar wata rana ya fita ya manta hanyar gida. Mutumin nan kansa lafiya ƙalau. Ni na sani, ke ma kin sani. Shi kaɗai ne bai sani ba."

Ban san lokacin da na baro kicin ba. Na tarar da Abba yana zaune yadda na bar shi, makullin mota a tebur tsakanin jiragen biyu. Na durƙusa a gaban kujerarsa na riƙe gefenta.

"Kin same ta?" ya tambaya.

"Abba, ka yi hayaƙin."

Ya dube ni bai gane ba.

"Ka yi shi, hagu da dama, har da azurfar. Na gani da idona. Ni na goge. Na ɗauka datti ne, na ɗauka hannunka ne ya..." Kuka ya ci ƙarfina. "Ba abin da ya samu kanka, Abba. Ni ce."

Na ga numfashi ya sauko masa, kafaɗunsa suka saki, har ya ce alhamdulillahi a hankali. Na ɗan lokaci na ɗauka shi ke nan, an wuce wurin. Amma Abba malami ne, ba ya barin tambaya a rabi.

"Me ya kai ki taɓa jirgina?"

Na ƙara riƙe gefen kujerar.

"Auta. Wanda ya rufe ɗigon nan da kore, ya haɗa kalar daidai da tawa. Wannan ba hannun ranar farko ba ne." Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Mai Haƙori ya sunkuyar da kai. Abba ya dafa tebur ya miƙe, ya taka zuwa gaban kantar da jiragensa suke jere, daga sama har ƙasa. Ya tsaya ya juya mana baya.

"Zo nan."

Na je.

"Nuna min nawa."

Na ɗaga hannu. Na wuce layin ƙasa, na wuce na tsakiya, inda duk jiragen da ya riƙa ɗorawa a tebur yana rufe bakin Yaya da su suke. Yatsana bai tsaya ba sai a layin sama, wurin tsofaffin da ƙura ta fara hawa. Abba ya bi yatsan da ido, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ya koma tebur ya zaro siririn burushin daga cikin kofi. Bai ɓoye hannun a aljihu ba yadda ya saba, ya miƙo min shi a fili, burushin na kaɗawa a tsakaninmu.

"Karɓi kayan aikinki."

"Abba, don girman Allah ka yafe..."

"Karɓi, Auta. Hannuna ya gaji."

Na karɓa. Ya dubi Mai Haƙori ya ce, "Ɗana, ku ɗan ba ni wuri." Muka fito. Tunda aka mayar da ɗakin nan nasa ban taɓa jin an murza masa makulli ba, sai ranar.

Muka tsaya a bakin ƙofa, ni da mutumin da nake so, ba mai iya kallon wani. Umma ta fito tana tambayar wa ya ci gasar, ta ga fuskata, ta ga burushin a hannuna, ta juya ta dubi ƙofar ɗakin. Daga ciki muka ji an jawo babban kwali a ƙasa, sannan muka ji ana sauke jiragen daga kanta, ɗaya bayan ɗaya.